Mai riƙon ƙwarya ma a tambaye shi lissafi

Kawuna ya rasu ya bar gida mai ɗaki goma sha ɗaya a Tudun Wada, da shaguna huɗu a gaba suna kallon titi. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha uku. Bayan sadakar bakwai sai wani ɗan'uwansa ya fito da wata tsohuwar takarda, wai rabin filin nasa ne tun mahaifinsu na da rai. Kafin a yi arba'in magana ta kai kotu. Alƙali ya duba ya ga in aka bar kuɗin haya a hannun ɓangare ɗaya, wani zai ci wani na kallo, sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Ya naɗa wani mutum daga waje, ya ce shi zai riƙa karɓar haya, ya kula da gidan, ya ajiye kuɗin har a gama shari'a. Ranar kowa ya fito yana sa wa alƙali albarka, har da ni.

Shekara shida aka kwashe. A ta farko mutumin kan zo da kansa duk ƙarshen wata, da littafin rasit a hammata, ya gaisa da matan gida daga zaure. A ta biyu ya koma aiko yaro. Da damina ta uku ta kama, kwanon ɗakunan baya ya fara yoyo, 'yan haya suka kai masa kuka, ya ce shi ba shi da ikon taɓa ko kwabo sai kotu ta ba da umarni. Aka rubuta wa kotu, aka sa rana, aka ɗage, aka sake ɗagewa. Kafin ranar ta zo aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce a faro masa daga tushe. Katangar ƙasa kuwa ba ta san ɗage ƙara ba. Ta sha ruwa ta zauna, ɗaki uku suka tashi daga aiki, masu haya suka kwashe komatsansu. Shagunan gaba suna nan a kan tsohon farashi alhali haya a layin ta ninka, sai daga baya muka ji ashe biyu daga ciki surukin mai riƙon ne ke kasuwanci a cikinsu.

Ba hukunci ne ya kashe rigimar ba. Limamin unguwa da wasu dattawa uku ne suka zaunar da mutane sau biyu bayan isha'i, aka yi sulhu, aka kai wa kotu ta sa hannu. Da aka zo miƙa amana, aka cire ladan mai riƙo, aka cire kuɗin zirga-zirga, aka cire kuɗin wasu gyare-gyare da babu wanda ya taɓa gani da ido, abin da ya rage bai isa a tayar da ɗaki ukun nan ba. Uwargidan marigayin, wadda muke kira Inna, ta ce masa daga bayan labule, "Malam, to ina takardar da aka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita?" Ya ce, "Hajiya, ai ni kotu ce ta sa ni, ita zan yi wa bayani." Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi ƙarya ba. Kotu ce ta sa shi. Kotun ce dai ba ta taɓa tambayarsa ba.

Ban kawo wannan don in huce haushi a kan kowa ba, mutumin ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Na kawo shi ne saboda duk lokacin da na ji a rediyo an ce an damƙa wani kamfani ko wani gini a hannun mai riƙo, gidan nan nake gani, illa dai kuɗin ya tashi daga dubbai ya koma biliyoyi. Mu a Kaduna kuma ba labari ake ba mu ba. Garin nan ya ga irin wannan riƙo iri-iri, ya kuma ga abin da ke faruwa in babu shi.

Ga yadda abin yake ga wanda bai saba da harkar ba. Kamfani ya ci bashin banki, ya jinginar da fili da gini da injuna, biya ya gagara. Don kada masu kamfanin su wawure abin da ya saura, kada kuma masu bin bashi su yi masa rubdugu kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai, sai a naɗa mutum ɗaya, galibi lauya ko akanta, a ba shi makullai. Lauyoyi na ce masa risiba, in har da gudanar da kasuwancin aka ba shi su ce risiba-manaja. Ni kantoman kotu zan kira shi, don mun san kantoma tun zamanin soja, mutumin da ba wanda ya zaɓa, aka turo shi ya riƙe na ɗan lokaci. Wani sa'in kotu ce ke naɗa shi kai tsaye. Wani sa'in bankin ne ke naɗa nasa bisa yarjejeniyar jingina, sannan ya garzaya Babbar Kotun Tarayya, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin shari'un kamfanoni, ya samo umarnin da zai sa 'yan sanda su raka shi bakin ƙofa. Ko ta wace hanya ya shigo, daga ranar daraktocin kamfanin sun zama 'yan kallo a kan dukiyar da aka damƙa masa.

Akwai masu ganin wannan zalunci ne tsantsa, ni ban yarda ba. Mai shakka ya bi ta Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila. Ita ce uwar masaƙun garin nan. Bayanta Nortex da Arewa da UNTL suka biyo, har ta kai jiniyar canjin aiki ce ke gaya wa mutanen Makera da Nasarawa ƙarfe nawa. A masaƙar Arewa Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago, hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a garin nan take. A 2002 KTL ta tsaya. Masu ita jihohin Arewa 19 ne, wato marainiya ce mai uba goma sha tara. Abin da ta rasa shi ne mutum ɗaya da za a ɗora wa alhaki a ce ga makulli, ga wa'adi, ko ka tayar da ita ko ka sayar ka sallami ma'aikata. Gwamnoni sun zauna, an kafa kwamitoci, an yi alkawura, ciyawa da tsatsa suka ci gaba da nasu aikin. Ma'aikatan da aka rufe ƙofa da haƙƙinsu a ciki sun yi shekaru suna ɗaga kwalaye a bakin get, da yawansu sun mutu ba su ga kuɗin sallama ba.

Otal ɗin Durbar ma haka. An gina shi don hawan dabar da Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977. Ya faɗa cikin shari'a tsakanin gwamnatin tarayya da iyalan Abacha, ya yi kusan shekara ashirin a garƙame a tsakiyar gari, babu baƙo babu mai shara, har gwamnatin jiha ta sa katafila ta rushe shi a watan Janairun 2020. Ba hurumina ba ne in ce wa ke da gaskiya a kan mallakarsa. Amma da tun farko an damƙa shi ga wani amintacce ya gudanar, kuɗi na taruwa a asusu, da duk wanda ya ci shari'a ya tarar da otal ya tarar da kuɗi. Yanzu ko wa ya ci, fili zai tarar.

Don haka riƙo ba shi ne cutar ba. Cutar tana farawa washegarin naɗi, kuma tushenta yadda ake biyan mai riƙon. Daga cikin ƙwaryar da yake riƙe da ita ake ba shi ladansa. Da nasa, da na lauyoyin da ya ɗauka, da masu gadi, da masu ƙiyasta kadara, duk daga ciki suke fita, su ake fara cirewa kafin kowa ya sa hannu. Ke nan duk watan da ya ƙara a kan kujera riba ce gare shi, ranar da ya kammala aiki kuwa ranar abincinsa ya yanke. Ba sai mutum ya zama ɓarawo ba kafin irin wannan tsari ya sanyaya masa jiki. Likitan da ake biya da yawan kwanakin da majinyaci ya yi a gado, ko yana da tsoron Allah, ba zai yi gaggawar rubuta sallama ba.

Kamfanin haɗa motocin Peugeot, Fijo a bakinmu, ya fara aiki a Kakuri a 1975, ya cika ƙasar nan da 504 da a-kori-kura. An sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya danne shi, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe mafi yawan hannun jarinsa. AMCON ita ce hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2010 don ta saye ruɓaɓɓun basussukan bankuna, bayan girgizar da aka yi musu a 2009 lokacin Sanusi Lamido Sanusi na gwamnan Babban Banki. A yi mata adalci, ba ta sa kwaɗo a ƙofa ba, an ci gaba da haɗa 'yan motoci. Amma sai a 2020 ta miƙa kamfanin ga sabon mai saye. Shekara takwas ke nan, a harkar da samfurin mota ke tsufa kafin yaro ya gama firamare. Mai riƙo ba ya zuba sabon jari, ba ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da kowa, tunda shi kansa bai san ko zai kai baɗi ba, ƙwararrun ma'aikata kuma ba sa zama jiran tsammani. Dangote da abokan haɗin gwiwarsa, har da gwamnatin Kaduna, sun nemi sayen tsohuwar masana'antar, abin bai yiwu ba, suka je suka kafa sabuwa a hanyar Abuja. Ga sabuwa can a bayan gari, ga tsohuwa nan da filinta da rumfunanta da suka fi ƙarfin aikin da ake yi a ciki.

Na kamfanin jiragen Arik ya fi tsami. A watan Fabrairun 2017 AMCON ta karɓe shi ta naɗa mai riƙo, lokacin shi ne babban kamfanin jirage a ƙasar nan. Aka wuce shekara bakwai ana riƙo. Masu kamfanin na cewa an kashe musu dukiya, masu riƙo na cewa gawa suka tarar. A watan Janairun 2025 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu daga cikin waɗanda suka jagoranci riƙon a gaban kotu a Legas, suka musanta zargin. Abin da ya dame ni a nan shi ne, ni da kai da muka taɓa sayen tikiti, da ma'aikacin da albashinsa ya maƙale, babu wata takarda da za mu ɗauka mu duba mu ce wane ne ke faɗin gaskiya. Da ana baje lissafi a fili duk bayan 'yan watanni, da ba a jira shekara takwas kafin a fara tambaya ba.

Wanda ya fi kusa da kowane gida shi ne na wutar lantarki. A ƙarshen 2014 aka miƙa kamfanin rarraba wuta na Kaduna, mai kula da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ga 'yan kasuwa. A watan Yulin 2022 bankunan da suka ba da rancen sayensa suka karɓe ragama. A watan Janairun 2024 hukumar NERC mai sa ido a kan harkar wutar lantarki ta rushe hukumar daraktocinsa saboda bashin kimanin naira biliyan 110, ta naɗa kantoma. Wannan ba kotu ce ta yi ba, hukuma ce, amma jirgi ɗaya ne. Abu ɗaya da na yaba a wancan umarni shi ne an rubuta wa'adi a ciki, wata shida a karon farko. Ko ba komai mai walda a Panteka da mai injin niƙa a Rigasa suna da ranar da za su ƙirga su ce to, wata shidan ya cika, ina aka kwana?

Akwai kuma waɗanda ba a ma tuna da su ranar rabo. A tsakiyar shekarun 2000 bankin da ke bin masaƙar Arewa bashi ya karɓe ta, ma'aikata suka watse, haƙƙinsu ya zama abin bi shekara da shekaru. Doka ta ce bankin da ke riƙe da jingina shi ke fara cin abin da aka jinginar masa. Albashin ma'aikata yana gaba da na sauran masu bin bashi, gaskiya ne, amma in fili da gini da injuna duk jingina ne, me ya saura? Kujeru da fanka. Wanda ya ba kamfani kuɗi ya riƙe takarda, wanda ya ba shi ƙuruciyarsa da jinsa a gaban injin saƙa shekara ashirin bai riƙe komai ba. A bayansu kuma ga mai kawo auduga daga Funtuwa da ba a biya shi lodi biyu ba, ga matar da ke zuba wa ma'aikata abinci bashi sai ƙarshen wata, ga mai gidan haya a Kakuri. Waɗannan babu mai aika musu da sammaci, babu mai kiransu zama. Sau da yawa ma umarnin karɓe kamfani a bayan idon mai shi ake samo shi, balle ma'aikaci. Ya zo da safe da kwanon abincinsa, ya tarar da 'yan sandan kwantar da tarzoma da wata takarda manne a get.

Kada a ɗauka ina share wa manyan masu cin bashi hawaye. Na san halinsu. Mutum ya ci bashin biliyoyi da sunan masana'anta, ya gina gidaje a Abuja da Dubai, in aka zo karɓar jingina ya tuna yana da ma'aikata dubu da za su rasa abinci. Ya ɗauki manyan lauyoyi, wannan kotu ta ce a shiga, waccan mai daraja ɗaya da ita ta ce a fita, a ɗaukaka ƙara a kan ko alƙalin ma yana da hurumin sauraro, shekara biyar ta tafi ba a taɓa gundarin magana ba. Kuɗin da ya ci kuwa ba na manajan banki ba ne, ajiyar malamin makaranta ce da mai shago. Saboda irin waɗannan aka yi ta gyara dokar AMCON, a 2015 da 2019 da 2021, ana ƙara mata haƙora. Rabin jinkirin da nake kuka da shi su ke haddasa shi. To amma in mai bashi na cin ribar jinkiri, mai riƙo ma na cin ribar jinkiri, lauyoyin ɓangarorin biyu ma haka, wa ya rage a ɗakin da ke son a gama? Sai alƙali. In shi ma bai ɗaura wa kansa agogo ba, shi ke nan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan duk mun karanta shi a zaure. Littattafan fikihun Malikiyya da malamanmu ke biya wa ɗalibai suna da babi guda a kan mutumin da bashi ya cinye dukiyarsa, taflisi suke ce masa, kalmar da a kunnen Bahaushe take kamar 'yar gida ɗaya da fallasa. Alƙali zai hana shi taɓa dukiyar, ya sayar, ya raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi. Amma dubi ƙa'idojin. A sayar a gaban idon mai kayan. A bar zaɓin kwana uku ko wani zai zo ya taya da tsada. Dabba a gaggauta sayar da ita, don tana ci tana ramewa. Gida da gona a dakata kamar wata biyu ana neman farashi. A bar masa abin da zai ci da iyalinsa da suturarsu. Malaman da suka rubuta wannan ba su taɓa ganin injin saƙa ba, amma sun san kowace dukiya da saurin lalacewarta, sun kuma san cinikin da aka yi a ɓoye ba ya kawo kuɗi. Masana'anta kuwa ta fi kama da dabba a kan gida. In ta tsaya wata shida, injuna sun cije, masu saye sun koma wani wuri, abin da zai saura sai a auna a sikeli a sayar wa 'yan gwangwan. A Suratun Nisa'i ma, inda aka yi maganar dukiyar marayu, an ce in za a miƙa musu a kafa shaidu. Mai riƙon amana ba ya zama shaidar kansa.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ɗan matso kusa da wannan. Ta kawo hanyar da za a naɗa mai gudanarwa da nufin ceto kamfanin tukuna kafin a yi maganar gwanjo, ta sa masa wa'adin shekara guda sai in an nemi ƙari. Ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin kamfani da masu binsa bashi, ta kuma ce ba kowa ne zai yi wannan aiki ba sai mai shaidar ƙwarewa. Doka ta ma daɗe da wajabta wa mai riƙo ya riƙa aika taƙaitaccen lissafi ga hukumar rajistar kamfanoni. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai banki ya fi son tsohuwar hanya, ya naɗa nasa wanda zai duba masa bashinsa kaɗai, lissafin da aka aika Abuja kuma ma'aikacin Kakuri bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya gan shi ba.

Ni abin da nake nema ba ya buƙatar majalisa ta zauna. Alƙali na iya rubuta shi a cikin umarninsa gobe da safe. Duk takardar da ta ce wane ya shiga, ta faɗi ranar da zai fita, in ranar ta zo bai gama ba shi ne zai zo gaban kotu ya yi bayani, a gaban masu dukiyar, kafin a ƙara masa ko kwana ɗaya. Duk wata uku ya ajiye lissafi a ofishin magatakarda, kwafi guda kuma a manna a get ɗin da aka manna takardar karɓewa, kowa ya karanta. Ladansa ya kasu biyu, kaɗan a wata, mai tsokar sai ranar da ya miƙa dukiya a raye ko ya sayar da daraja. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to a daina biyan wanzami kafin ya jiƙa gashi. A haramta masa ba wa ɗan'uwa ko suruki haya ko ciniki, in za a sayar a yi shela a yi gwanjo a fili. A ba shi ikon gyaran gaggawa tun ranar farko, da iyakar kuɗin da zai kashe, don kada ya fake da jiran umarni alhali rufi na zuba. In kamfani ne mai ma'aikata, wakilinsu ya samu kujera a duk zaman da za a yi maganar makomarsa. Wani zai ce in aka tsaurara haka ƙwararru za su guji aikin. Wanda zai gudu don an ce ya nuna lissafi, gara ya gudu tun bai karɓi makulli ba.

Maganar ba ta tsaya kan kamfanoni ba. Lokacin da aka sa hannu a dokar 2020 an yi ta hayaniya a kan sashe na 839, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya, har da na coci da masallaci, a naɗa masu riƙo. Shugabannin Kiristoci suka yi tir da shi, a 2023 kuma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi. Na fahimci tsoronsu, don a garin nan babu mai son a wayi gari wani jami'i ya turo kantoma wurin ibada. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne makarantun Islamiyya da na kuɗi da suka tarwatse bayan rasuwar wanda ya kafa su, 'ya'ya na ja kwamiti na ja, malamai ba albashi, yara na gab da jarrabawa? A irin wannan ina ganin dacewar kotu ta sa amintacce ya riƙe, bayan ta saurari kowa, na zango biyu ko uku, iyayen yara na ganin lissafi. Abin da mutane ke tsoro shi ne baƙon da in ya shiga babu mai iya fitar da shi.

Kuma inda talaka ya fi haɗuwa da wannan abu ba Babbar Kotun Tarayya ba ce, ƙananan kotuna ne, wajen rabon gado da rigimar gida da shago da gona. A can babu ɗan jarida, babu EFCC, babu wata hukumar rajista da ake aika wa lissafi. Daga alƙali sai magatakarda sai wanda aka naɗa, sai kuma zawarawa da marayun da ba su san suna da ikon tambaya ba. Babban jojin jiha da alƙalin alƙalai na iya fitar da ƙa'ida guda mai shafi ɗaya da za ta ɗaure duk waɗannan kotuna, kuma ba ta cin ko sisin kasafi.

Bayan an yi sulhun nan namu, Inna ta matsa mini in je in samo mata kwafin takardar da aka naɗa mutumin da ita, ta ce ko ba a samu kuɗi ba tana so ta ji abin da aka ce ya yi. Na yi sawu uku kafin aka tono fayil ɗin daga ƙarƙashin wasu. Magatakarda ya kaɗe ƙura ya zaro ta ya miƙo mini. Layi huɗu ne da rubutun hannu. Akwai sunansa, akwai adireshin gidan, akwai ranar da zai fara karɓar haya. Na juya bayanta ko an ci gaba a can, babu komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ke nan?" Ya ce ita ke nan, in ina son kwafi in je tsallaken titi, injinsu ya lalace.